Sanyi da Zaƙi: Tarihin Sayar da Magani a Zangon Kwatano da Ƙaiƙayin Masu Ciwon Sukari

Sayar da magani na daga cikin tsofaffin sana'o'in da Hausawa suka gangara da su ƙasashen bakin teku, kuma a birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin, tun daga tsohuwar unguwar Zango da ke tsakiyar gari har zuwa Agla da ke yammacinsa, sana'ar ta sauya haja sau da dama amma ba ta sauya hali ba, domin daga zamanin saiwa da sassaƙe har zuwa zamanin kafso da ƙwaya, mai saye ne yake faɗin sunan ciwonsa, mai sayarwa kuma ya miƙo masa abin da aka san sunan da shi, babu gwaji babu dubawa. Wannan tsari ya rufa wa talaka asiri shekaru masu yawa a lokacin da asibiti ya yi masa nisa ko ya fi ƙarfin aljihunsa, sai dai akwai ciwo guda da ya fi kowane fito da raunin tsarin fili, shi ne ƙaiƙayin gaba mai zuwa da farin ruwa, wanda jama'a suke haɗawa da wasu cututtuka su kira su duka sanyi, alhali a jikin mutane da yawa shi ne alamar farko ta ciwon sukari, kuma tun daga shekarar 2012 ya zama yana iya tasowa a dalilin wani rukuni na maganin ciwon sukarin shi kansa.

Zaman Hausawa a wannan ƙasa daga arewa ya faro. Tun cikin ƙarni na 18, kuma musamman bayan kafuwar Daular Sakkwato a farkon ƙarni na 19, ayarin fatake yakan tashi daga Kano da Katsina da sauran garuruwan ƙasar Hausa a ƙarƙashin madugu, ya tsallake kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Parakou da Djougou, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja don sayo goro. Matafiyin nan na Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ci karo da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja, kuma ya ƙiyasta mutanen cikinsa sun haura 1,000. Duk inda ayari ya saba yada zango a kan wannan hanya, a hankali wurin yakan zama unguwa mai masallaci da fatoma, wato mai masaukin baƙi da ke shiga tsakani a ciniki, da mahauta da wanzamai da malamai. A cikin kayan da jakai ke ɗauke da su, tare da tufafi da kayan fata da gabu, akwai kanwa wadda ake haƙowa daga yankin Barno da Manga, kuma kanwa ba kayan girki kaɗai ba ce, ana jiƙa ta a sha don ciwon ciki, ana dama wa mai jego kununta, ana ba dabbobi. Ke nan tun ranar farko magani yana cikin lodin bafatake.

Kwatano kuwa ƙaramin wurin masunta ne da ya fara samun suna wajen 1830 a zamanin Sarki Gezo na Dahomi. Faransawa sun kafa hujjar mallakarsa da yarjejeniyoyin 1868 da 1878, suka gina gadar sauke kaya cikin teku a farkon shekarun 1890, sannan bayan Sarki Behanzin ya miƙa wuya a 1894 suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga 1900, wadda ta isa Parakou a tsakiyar shekarun 1930. Wannan dogo shi ya juya akalar fatauci daga gabas zuwa yamma ta koma daga arewa zuwa kudu, kuma ba banza ba Zangon Kwatano yake daura da tashar jirgin ƙasa. Da aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahomi da Nijar a 1959, aka kuma buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 1965, sai birnin ya zama ƙofar teku ga 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Yamai, aka samu Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da Fulani suna ta kwararowa, wasu dillalan dabbobi, wasu masu tsire, wasu 'yan canji, wasu daga baya masu sayen tsofaffin motoci. Zango bai iya ɗaukar wannan jama'a ba, don haka da gari ya miƙe yamma, mutane suka bi shi zuwa unguwanni irin su Agla da ke gunduma ta 13, ƙasa mai kwari da fadama wadda ruwa yake kwanciya a cikinta duk damina, damina kuwa sau biyu take zuwa a shekara a wannan gaɓa.

Masu sana'ar magani da suka biyo wannan jama'a ba iri ɗaya ba ne. Wanzami shi ke da aski da ƙaho da kaciya da cire beli, ungozoma ke da haihuwa da wankan jego, malami ke da rubutu da laya, sai kuma ɗan magori, mai yawo da saiwoyi kasuwa-kasuwa yana kirarin amfanin kayansa. Shimfiɗar irin wannan mai magani a gefen masallaci bayan sallar Juma'a ba ta cika bambanta da ta takwaransa na kasuwar Kurmi ta Kano ko ta kasuwar Maraɗi ba: buhu ko tabarma a ƙasa, a kai an jera ƙullin bagaruwa da sassaƙen marke da na maɗaci, da jar kanwa da ungurnu, da alimun da kanumfari da citta da kimba, da garin magani kala-kala a ƙulle cikin leda, da tsofaffin gorunan ruwa cike da tsimi. Namiji yakan tsuguna kusa, ya sassauta murya ya ce sanyi ke damunsa, mace kuwa da wuya ta zo da kanta, sai dai ta aiko yaro, ko ta nemi wata dattijuwa mai sayar da kayan mata a cikin gida ta gaya mata. Kunya ce ta tsara wannan ciniki tun daga tushe, kuma ita ce ta sa kalma guda ta wadatar, domin da zarar an ce sanyi an huta da bayanin inda ciwon yake da kamanninsa.

A fahimtar magabata, kamar yadda Lewis Wall ya bayyana a littafinsa na 1988 kan maganin Hausawa bayan binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, sanyi abu ne da yake shiga jiki daga waje, ta hanyar laima da iska da ruwa, ya kwanta a gaɓoɓi da mara ya haifar da ciwo. Da wannan suna ake kiran ciwon gaɓoɓi, da fitsari mai zafi, da fitar mugunya daga mazakuta, da ƙaiƙayi da farin ruwan mata, ko da yake a likitance waɗannan cututtuka ne daban-daban masu sanadi daban-daban. Akwai kuma wata tsohuwar fahimta ta biyu, wato zaƙi, wadda ke cewa yawan cin kayan zaƙi yana taruwa a jiki, musamman a jikin mai ciki, ya jawo mata wahala, shi ya sa ake ba ta maganin zaƙi tun kafin haihuwa. Wannan ta biyun, a kan batun ƙaiƙayi, ta fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne yadda sanyi ya danne ta a bakin jama'a, domin da a ce mai ƙaiƙayin da ya ƙi ji ya saba tuhumar zaƙi, da tuni mutane da yawa sun je an auna jininsu.

Shigowar maganin Bature ta bi hanya biyu masu karo da juna. Dahomi, wadda ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960 aka kuma sauya mata suna zuwa Benin a 1975, ta gaji dokar Faransa mai cewa babu mai sayar da magani sai wanda ya karanci harhaɗa shi, a cikin farmasi mai rajista. Maƙwabciyarta Najeriya da kuma Gana kuwa sun gaji tsarin Ingila, wanda ya yarda ɗan kasuwa mai lasisi ya buɗe kemis ya sayar da wasu magunguna ko bai yi wannan karatu ba, kuma a can ana shigo da kaya masu araha daga Indiya da Sin, ana ma sarrafa wasu a gida. Ƙasa mai tsauraran dokoki da tsadar magani tana tsakanin ƙasashe masu arha, ga iyaka a buɗe, sakamakon a bayyane yake. A cikin kasuwar Dantokpa da ke bakin tafkin Kwatano aka samu wani sashe mai suna Adjégounlè, wanda ya zama cibiyar sarin magani ba bisa ƙa'ida ba, yawancin masu rumfunan cikinsa mata, kuma masaniyar zamantakewa 'yar Faransa Carine Baxerres ta rubuta littafi sukutum a kan wannan fatauci a 2013. Abubuwa biyu sun ƙara wa kasuwar ƙarfi, na farko shirin Bamako na 1987 wanda ya sa majinyaci ya riƙa biyan kuɗin magani a asibitocin gwamnati, na biyu kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, wanda ya sa farashin duk abin da ake sayowa daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo.

Daga irin wannan wuri masu tebur da masu talla a unguwanni suke saro kaya, kuma a nan ne tsohuwar ɗabi'a ta haɗu da sabuwar haja. Mai cewa sanyi, wanda a da ake ƙulla masa bagaruwa, yanzu sai a ɓallo masa kafso biyu ko huɗu daga jikin kati gwargwadon kuɗinsa, ko mai ja da rawaya ko mai ja da baƙi, wato magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya. Idan ciwon nasa na bakteriya ne, wannan 'yar ƙwaya ba ta isa ta warkar da shi ba, sai dai ta koya wa cutar jure magani. Idan kuwa ƙaiƙayin da ake magana a kai ne, to kafson ƙara masa wuta yake yi, kuma fahimtar dalilin haka tana buƙatar sanin abin da ke haddasa ciwon.

Abin da ke haddasa shi wata ƙwayar halitta ce da ake kira kandida, dangin fumfuna da yis, wadda ba bakteriya ba ce, kuma tana zaune a baki da hanji da fata da farjin mutane masu yawa lafiya lau ba tare da ta cutar da su ba, saboda bakteriya masu amfani da ke zaune a wuraren suna hana ta yaɗuwa. Tana samun dama ne idan aka kashe waɗannan masu gadi da kafso, ko juna biyu ya sauya yanayin jiki, ko garkuwar jiki ta yi rauni, ko kuma sukari ya yi yawa a jini da fitsari, domin sukari shi ne abincinta, yawansa kuma yana rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A jikin mace tana zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani da raɗaɗi da ja, da farin ruwa mai kauri da gudaji kamar nonon da ya tsinke, wanda galibi ba shi da wari, a jikin namiji kuma kan mazakuta ne yake yin ja yana ƙaiƙayi, wani lokaci fatar ta tsattsage. Takan kuma fito fari-fari a harshe da kumatu, ko ta kama matsematsi da ƙarƙashin nono inda gumi ke taruwa. An ƙiyasta mata 3 cikin 4 suna gamuwa da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Ba a lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ba kuma daga masai ake kwaso ta ba, kuma ya kamata a nanata wannan a gidajen da ake zargin miji ko kishiya a kan abin da ba su da hannu a ciki.

Ciwon sukari kansa tsoho ne a littattafan likitanci, tun likitocin Indiya na dā da suka lura cewa tururuwa na taruwa a fitsarin mai shi, har zuwa Matthew Dobson na Ingila da ya nuna a 1776 cewa abin da ke sa fitsarin zaƙi sukari ne. Amma yawaitarsa a biranen bakin tekun Afirka ta Yamma sabon al'amari ne da ya zo tare da sauyin rayuwa. Jikan bafataken da ke taka ƙasa wata da watanni tsakanin Kano da Gwanja yanzu yini yake a zaune a shago, in zai fita ya hau babur ɗin haya da ake kira zemijan, abincinsa farar shinkafa da burodi da taliya, shayinsa da madarar gwangwani da sukari mai ƙwaya, ga lemon kwalba a kowane biki. Sukari shi kaɗai ba ya haddasa ciwon, akwai gado da ƙiba da shekaru da rashin motsa jiki, amma duk sun taru a wannan sabuwar rayuwa. Binciken da aka yi a Benin a 2001 ya sami ciwon a jikin kashi 1.1 cikin 100 na manya, na 2008 kuma ya sami kashi 2.6. A takardun gwaji na Kwatano, bisa al'adar ƙasashe masu amfani da Faransanci, da giram a cikin lita ake rubuta sakamako, kuma wanda aka auna kafin ya karya kumallo aka sami 1.26 ko fiye, aka maimaita aka sake samun haka, yana da ciwon. Idan sukarin jini ya haura kimanin giram 1.8, ƙoda takan kasa riƙe shi ya fara zuba cikin fitsari, daga nan kuma ƙaiƙayi ke samun gindin zama. Saboda haka duk baligin da ƙaiƙayin gaba ke yi masa tafi-ka-dawo, balle in yana yawan fitsari da ƙishirwa da rama, abin da ya fi buƙata shi ne ɗigon jini a kan na'urar awo, wanda ba ya ɗaukar minti guda.

Tsofaffin magungunan ciwon sukari ba sa haifar da wannan ƙaiƙayi. Insulin, wanda Frederick Banting da Charles Best suka fitar a Toronto a 1921, yana shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassan jiki. Metfomin, wanda likitan Faransa Jean Sterne ya fara gwadawa a kan masu ciwon a 1957 ya kuma shahara da sunan Glucophage, yana rage sukarin da hanta ke fitarwa. Gilibenkilamid, wanda aka fi sani da Daonil, yana zuga sashen jikin da ke samar da insulin ya ƙara aiki. Dukansu rage sukarin jini da na fitsari suke yi, don haka wanda yake shan su ya ga ƙaiƙayi ya dame shi, mafi yawan lokaci alama ce cewa sukarin bai sauka yadda ake so ba, ko saboda tsallake shan magani, ko saboda abinci, ko kuma saboda ƙwayar da ya saya a tebur ba ta da ƙarfin da aka rubuta a jikinta.

Sabon rukunin daban yake, kuma tarihinsa ya fi na insulin tsufa. A 1835 aka tsamo wani sinadari mai suna filorizin daga ɓawon itacen tuffa, a 1886 kuma likitan Jamus Josef von Mering ya gano cewa yana sa sukari ya fita a fitsari. An yi fiye da shekara 100 kafin a fahimci yadda hakan ke faruwa sosai a kuma sarrafa shi ya zama maganin sha. Ƙodar mai lafiya tana tace kimanin giram 180 na sukari daga jini kowace rana, amma ba ta barin ya tafi, akwai wani furotin a bututunta da masana suka sa wa lamba SGLT2 wanda yake mayar da kusan kashi 90 cikin 100 nasa cikin jini, saura kuma wani ɗan'uwansa ya kwashe. Sababbin magungunan toshe wannan furotin suke yi da gangan, sai mai shan su ya riƙa zubar da kimanin giram 70 na sukari a fitsari kullum. Tarayyar Turai ta amince da Forxiga a 2012, Amurka ta amince da Invokana a 2013, Jardiance ya biyo baya a 2014, kuma wani babban gwaji da aka bayyana a 2015 ya nuna Jardiance yana rage mutuwa ta ciwon zuciya, daga baya aka tabbatar rukunin yana kare ƙoda. Wannan amfani ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Har yanzu tsada ta sa yawancin masu ciwon a Zango da Agla suna kan tsofaffin magunguna, amma kamfanonin Indiya na yin irinsu masu sauƙin kuɗi, kuma tarihin wannan kasuwa ya nuna cewa duk abin da ya yi arha a Legas ba ya daɗewa bai iso Kwatano ba.

Amsar tambayar ko maganin ciwon sukari na iya kawo ƙaiƙayin kandida ita ce, wannan rukuni yana iyawa, kuma shi ne illarsa da aka fi gani. A gwaje-gwajen Invokana kimanin mace 1 cikin 10 ta kamu, idan aka kwatanta da kimanin 3 cikin 100 na waɗanda ba a ba su maganin ba, maza kuma kimanin 4 cikin 100, kuma ya fi kama waɗanda ba a yi wa kaciya ba da matan da suka taɓa fama da shi. Galibi yana zuwa ne a watannin farko, kuma ba ya tsananta. Akwai wani ruɗani da ya cancanci a faɗa a fili: mai shan wannan magani zai ga tururuwa a makewayi, gwajin fitsari ma zai nuna sukari cike, ko da jininsa ya daidaita, domin aikin maganin ke nan, don haka tsohuwar alamar da iyaye da kakanni suka dogara da ita ba ta da amfani a kansa, awon jini kaɗai ke faɗin gaskiya. Wanda bai san haka ba zai iya jefar da maganin da ke kare masa zuciya da ƙoda ya koma wa tsimi, kuma wannan asara ta fi ƙaiƙayin girma.

Maganin ciwon sananne ne kuma ba shi da tsada sosai. Nistatin, wanda wasu mata biyu masu bincike a New York, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a 1950, shi ne na farko, kuma har yanzu ana ba da ruwansa don na baki. Kulotirimazol, wanda aka sani da Canesten, yana zuwa a matsayin man shafawa da kuma ƙwayar matsi, ko ta miligiram 500 sau ɗaya, ko ta 100 dare 6 a jere, namiji kuma man yake shafawa sau 2 ko 3 a rana har mako 1 zuwa 2. Fulukonazol ƙwayar sha ce guda ɗaya ta miligiram 150. Mai ciki ba a ba ta ta sha, matsi ake ba ta na mako guda. Miji da ba shi da wata alama ba ya buƙatar magani, kuma waɗannan mayuka suna raunana kororon roba. Mai ciwon sukari yana da ƙarin abin lura guda biyu da mai tebur ba zai sani ba. Na farko, fulukonazol da man baki na mikonazol suna hana hanta narkar da Daonil da danginsa, sai maganin ya taru a jiki sukari ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya kama rawar jiki da gumi har ya suma, shi ya sa dole mai farmasi ya san duk abin da majinyaci ke sha. Na biyu, masu ciwon sukari sun fi kamuwa da wani nau'in kandida da ba ya jin fulukonazol sosai, don haka idan ciwon ya ƙi warkewa bayan mako guda, ko ya dawo sau 4 a shekara, sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji. Kamuwa sau ɗaya ko biyu ba dalili ba ne na barin sabon maganin, likita ne zai duba ko a sauya shi idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ruwa mai ƙarni ko mai launin kore ko rawaya, da ciwon mara da gyambo da mugunya, ba na kandida ba ne, wasu cututtuka ne masu nasu magani.

Al'adun mutanen Zango sun taimaka ta wani gefe sun kuma cutar ta wani. Shawarar da likitoci ke ba masu shan sabon maganin ita ce su ɗauraye gaba da ruwa zalla bayan fitsari da kuma kafin barci, abin da duk Musulmin da ya taso da buta yake yi tun yana yaro, kaciya ma ta rage wa maza haɗari. Abin da ya rage shi ne tsane jiki bayan tsarki da sa kamfai na auduga marar matsewa, musamman a gari mai laima irin Kwatano inda tufa ke yini a kan igiya ba ta bushe ba. Ta ɗaya gefen kuma, cusa kanwa ko alimun ko haɗin kayan mata, da wanke ciki da sabulu mai ƙamshi ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, duk suna ƙona fatar wurin su kori bakteriya masu amfani. Mafi muni su ne mayukan bilicin da ƙwayoyin sa ƙiba masu ɗauke da sinadarin kotizon, domin man yana lafar da ƙaiƙayi kwana biyu alhali cutar na yaɗuwa a ƙarƙashi, ƙwayar kuma tana ɗaga sukarin jini ita kanta. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: ciwo mai tsanani da kumburi da ja tsakanin gaba da dubura tare da zazzaɓi, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a watan Agustan 2018 bayan samun mutum 12 masu shan sabon maganin da naman wurin ya ruɓe, ciwo ne da ba kasafai ake gani ba amma yana kisa, kuma aikin babban asibiti ne irin asibitin koyarwa na Hubert Maga. Haka nan amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, ko da awo ya nuna sukari bai hau ba. Saboda maganin na ƙara fitsari yana kuma iya jawo wannan matsala ga wanda ya daɗe bai ci ba, mai niyyar azumi ya kamata ya ga likitansa tun cikin Sha'aban.

Hukuma ta ɗauki lokaci kafin ta taɓa wannan fatauci. Ranar 12 ga Oktoban 2009 tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kira daga Kwatano, tare da wasu shugabannin Afirka, a yaƙi jabun magunguna, amma Adjégounlè ta ci gaba da ci har watan Fabrairun 2017, lokacin da gwamnatin Patrice Talon ta tura jami'an tsaro suka kwashe fiye da tan 80 na magani suka rushe rumfunan. A watan Maris na 2018 wata kotu a Kwatano ta yanke wa wasu shugabannin kamfanonin sarin magunguna masu rajista hukuncin ɗaurin shekara 4, abin da ya nuna cewa katangar da ke tsakanin halastacciyar kasuwa da ta bayan fage ba ta kai kaurin da ake zato ba. Matakin ya rage tallar ƙwaya a fili, kuma ya dace, sai dai rushe rumfa bai taɓa dalilan da suka kai mutane gare ta ba, wato tsada da kunya da harshe. Takardar bayani da ke cikin kwalin sabon maganin ta ambaci ƙaiƙayin gaba a cikin illolin da ake yawan samu, amma da Faransanci aka rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, dattijuwar Agla kuwa da ta yi karatun allo ba za ta karanta ba, ba kuma za ta buɗe baki ta faɗi ciwonta ga saurayi sa'an ɗanta a gaban layin masu jiran magani ba. Wanzamai da ungozomomi da dattijan mata masu kayan gyara, waɗanda har gobe su ne ake fara gaya wa irin wannan ciwo da Hausa ko Dendi ko Zabarmanci, su ne ya kamata ma'aikatan lafiya su zauna da su, su nuna musu na'urar awon sukari da inda ake yin awon a kusa, su kuma koya musu tambayoyi biyu da za su riƙa yi wa duk mai ƙorafin sanyi kafin su ƙulla masa komai, wato ko an taɓa auna jininsa, da kuma sunan ƙwayar da yake sha kowace safiya.